Mai Kyamara a Bakin Gulbi: Wa Ya Sauke Shi, Yaushe Zai Tafi?

A daminar 2020, tsakanin ƙarshen Agusta da Satumba, ruwa ya hau fadamun Jihar Kebbi ya kwanta a kan shinkafar da ta fara fid da kai. Ƙungiyar manoman shinkafa ta jihar ta ce hekta wajen 450,000 suka nutse, a jihar da Shugaba Buhari ya zo da kansa ya ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015. Wanda ya bi labarin a talabijin ko a waya zai tuna hotuna iri biyu. Na farko ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya tsaya, da kawunan itatuwa, da wani mutum tsaye cikin kwale-kwale yana nuna inda gonarsa take. Na biyu jerin buhuna ne a harabar sakatariya, ga katifu ga bandir-bandir na kwano, ga wani babba cikin babbar riga yana miƙa wa tsohuwa buhun da ba za ta iya ɗagawa ba. Daga nan sai shiru, sai damina ta kewayo.

Hotunan nan biyu gaskiya ne, ba wanda ya ƙirƙire su. Sai dai tsakaninsu akwai makonni, bayan na biyun kuma akwai watanni, kuma a cikin waɗannan watanni ake sanin gidan da zai miƙe da wanda zai watse. Ba ma ganin su ne saboda mai ɗaukar hoton ba ya nan. Kalgo tafiyar 'yan mintoci ce daga Birnin Kebbi, Gwandu ma ba ta da nisan da za a yi mata guzuri, don haka mutum zai kwana a otal, ya bi ayarin jami'ai da hantsi, ya dawo kafin la'asar. Abin da fim ɗin agaji zai nuna, tun kafin a kunna kyamara aka gama yanke shi: ina baƙon ya sauka, wa ya sauke shi, kuma yaushe zai tafi.

Kafin a ɗora wa masu kyamara laifi, ya kamata a ba su haƙƙinsu, kuma ba sai an je nesa ba. A 2004 fari da fara suka ci amfanin gona a Nijar. Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta roƙon gudummawa, a watan Mayun 2005 ta sake kira, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Sai a watan Yuli, da wakiliyar BBC Hilary Andersson ta aika da hotunan yara daga cibiyar ciyarwa a Maraɗi, kuɗi ya fara kwarara. Jan Egeland, wanda ke kula da agajin gaggawa a Majalisar a lokacin, ya bayyana cewa abin da aka tara cikin kwana goma ya fi na watanni goma da suka wuce. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar. Haka aka yi a Habasha a Oktoban 1984, lokacin da hotunan da Mohamed Amin, ɗan Kenya, ya ɗauka a Korem suka tayar da duniya. Duk mai cewa a kori kyamara daga wurin bala'i sai ya fara gaya mana abin da zai sa a madadinta.

Amma labarin Maraɗi yana da ɗaya gefen. Maraɗi na cikin yankunan da suka fi noma a Nijar, kuma a shekarar akwai hatsi a kasuwa. Kuɗin tiyar gero ne ya fi ƙarfin talaka, wanda ya sayar da nasa da arha lokacin kaka don biyan bashi, ya dawo yana saye da tsada a tsakiyar damina. Kyamara ta iya nuna haƙarƙarin yaro, ta kasa nuna farashin tiya, domin wannan sai wanda ya zauna ya ga kasuwa ta ci sau da yawa. Shugaba Tandja Mamadu kuwa ya ɗauki hotunan a matsayin cin zarafi, ya musanta cewa akwai yunwa, a 2006 gwamnatinsa ta hana tawagar BBC ci gaba da ɗaukar labarin, a 2008 kuma ta dakatar da aikin reshen Faransa na MSF a Maraɗi. Hoton ya buɗe aljihun masu bayarwa, amma daga baya aka rufe wa masu jinyar yaran ƙofa.

Misalin da ya fi kowane nuna illar tafiya da wuri yana ƙasar Haiti. Girgizar ƙasa ta 12 ga Janairun 2010 ta jawo 'yan jarida daga ko'ina, aka yi makonni ba a kallon komai sai ɓaraguzan babban birnin ƙasar. Galibinsu sun koma gida kafin watan Oktoba, lokacin da kwalara ta ɓulla daga sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bi kogin Artibonite, ta kashe mutum kusan 10,000. Sai a Disamban 2016 Ban Ki-moon ya nemi gafarar mutanen Haiti. A 2015 kuma binciken ProPublica da gidan rediyon NPR ya gano cewa Red Cross ta Amurka, wadda ta tara kusan dala miliyan 500, gidaje shida kacal na dindindin ta gina, ko da yake ƙungiyar ta ce ta kashe kuɗin a wasu hanyoyin samar da matsuguni. Duka labaran biyu waɗanda suka tsaya ko suka dawo ne suka tono su.

Mu dawo gida. Ambaliyar Kebbi ba ta zuwa bagatatan kamar girgizar ƙasa. Ruwan yana da hanya sananniya: Gulbin Rima da madatsar Goronyo a kansa, Gulbin Sakkwato da madatsar Bakolori, su haɗu su gangaro ta Argungu da Birnin Kebbi, su bi fadamar da ta ratsa ƙasar Kalgo da Bunza, Gulbin Zamfara ya ƙara musu nasa, har su faɗa Kwara. A Satumban 2010, da ruwan Goronyo ya yi ɓarna har ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, mutanen gangare sun san nasu na tafe. Hukumar kula da koguna ta ƙasa tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara tun kafin damina ta kankama. Ke nan wanda ke son ɗaukar aikin agaji da gaske yana da damar da mai zuwa Haiti bai samu ba: zai iya riga ruwan isowa. Zai iya ganin ko gargaɗin ya kai ƙauye, da harshen da aka yi shi, da abin da mai unguwa ya ce da aka gaya masa mutane su tashi, da dalilin da ya sa manomi ba ya barin gonar da ya ci bashi ya shuka don kawai rediyo ya ce ruwa na zuwa.

Kalgo da Gwandu kuma ba iri ɗaya ɓarnar take yi musu ba, abin da baƙon yini guda ba zai lura da shi ba. A ɓangaren fadamar Kalgo gona ce ke tafiya, wasu tungaye kuma ruwa ya kewaye su su zama tsibirai, ba shiga ba fita sai da jirgi da gora. Gwandu tana nesa da babban gulbi. Can abin tsoro shi ne ruwan sama mai kwana yana zuba, katangar ƙasa ta jiƙa ta zauna, ɗaki ya rufta da dare, rumbu ya kife da abin da ya rage na bara. Ɓarna ta farko tana da kyan ɗauka, musamman da jirgin nan maras matuƙi, wanda a Najeriya sai da izinin hukumomin tsaro ake tayar da shi. Ta biyu ba ta da kyan gani. Ɗaki guda ne a nan, biyu a can, a bayan katanga, cikin gidan da namiji baƙo ba ya shiga. Idan kayan agaji suna bin inda hoto ya fi yawa, to masu irin wannan asara su ne na ƙarshe a layi.

Batun masauki tsohon abu ne a Gwandu. A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya sauka a garin a hanyarsa ta zuwa Tambutu. Sarkin Gwandu Halilu, ɗan Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, bai yarda ya gan shi ba. Abin da ya fi daraja da Barth ya samu a zaman nan ba daga fada ya fito ba: wani malami ne ya ara masa kwafin Tarikh al-Sudan, ya zauna kwanaki yana kwafe abin da ya iya, kuma ta hannunsa Turai ta fara sanin littafin. Duk da haka ya yi kuskuren jingina shi ga Ahmad Baba, alhali na Abdurrahman al-Sa'adi ne. Mutumin da ya iya Larabci, ya ji Hausa, ya yi makonni a gari, ya tafi da kuskure. To ina ga wanda ya zo da hantsi da tafinta?

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mai kyamara raɓa ne ko ya so ko ya ƙi, abin da ya rage masa shi ne ya zaɓi inda zai sauka. In gwamnati ta sauke shi, ta ba shi mota da jami'in yaɗa labarai, zai ga ƙauyukan da mota ke iya shiga da mutanen da aka riga aka tara. In ƙungiyar agaji ce ta ɗauko shi, zai ga waɗanda ta taimaka, sanye da rigar da ke ɗauke da tambarinta, ba zai ga maƙwabcin da sunansa bai shiga takarda ba. In ya sauka gidan hakimi ko dagaci, ƙofofi za su buɗe masa, wannan kuma dole ne, domin a ƙasar Gwandu ba a shiga gari da kyamara ba a je an yi gaisuwa ba. Amma duk wanda zai yi magana a gabansa ya san da yamma baƙon zai koma zauren da aka rubuta jerin sunayen masu karɓar agaji, don haka abin da zai ji shi ne "mun gode, Allah shi saka da alheri." Babu masaukin da ba ya rufe wa mutum ido ɗaya. Dabarar ita ce ya san wane idon aka rufe masa, ya yi gaisuwa a fada, ya nemi ɗaki wajen malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti, ya ci abinci a inda jama'a ke ci, ya ɗauki ɗan jagoran da ba yaron kowa ba ne, ya biya shi.

Kwanakin farko ma bai kamata kyamara ta fito daga jaka ba. Akwai aikin da ya fi ta: neman inda za a yi cajin batir, sanin mai jirgin da ya san hanyar ruwa (a jihar da jirgi ya kife da mutane fiye da ɗari a kusa da Warra cikin Mayun 2021, wannan ba ƙaramar magana ba ce), gidan sauro, ruwan sha, da sabawa da kunne. Bakano ma sai ya yi kwanaki kafin ya daina cewa "na'am?" idan mutumin Kalgo ya yi magana da sauri, balle a rugar Fulani ko wajen Zabarmawa. A waɗannan kwanaki ne mutane ke gajiya da kallon baƙo su koma harkarsu, kuma daga ranar da suka daina kallonsa ne aikinsa ya fara.

Sai maganar mata, wadda a ganina ita ce babban giɓin kusan duk fina-finan agaji da ake ɗauka a Arewa. Tawagar maza zalla iyakarta zaure. Abin da ruwa ya ci a cikin gida kuwa na mata ne: kayan ɗaki da uwa ta yi shekaru tana tara wa 'yarta, awaki da kaji, jarin ƙuli-ƙuli ko na shinkafar da ake turarawa a kai kasuwa, kuɗin adashi. Maigida zai tsaya gaban kyamara ya lissafa buhun da ya yi asara, ba zai ambaci tukunyar turara shinkafa ba, kuma ba mugunta ce ta hana shi ba, a lissafinsa ba ta ciki. Mace mai ɗaukar hoto, ko da waya ce a hannunta, za ta fito da rabin labarin da ba a taɓa ji ba. Ita ma sai ta nemi izini sau biyu, na maigida da na matar kanta, kuma na biyun ya fi wuyar tabbatarwa.

Izini a wurin rabon kaya kusan wasan yara ne. A dubi yadda ranar take. Tun da safe an tara mutane a rana, kowa riƙe da 'yar takarda. An jera buhuna yadda tambari zai fuskanci kyamara. Ana jiran babban baƙo, wanda zai iso bayan azahar, a yi jawabai, a kira mutum biyar ko shida su karɓa a hannunsa, ya shiga mota. Rabon gaske sai bayan tafiyarsa, a kasa buhu guda wa gidaje da yawa da kwano, kuma a lokacin masu kyamara sun bi ayari. A cikin wannan hali ne wani zai tsuguna gaban dattijo ya ce, "Baba, za mu ɗauke ka hoto, ka yarda?" Dattijon da ke riƙe da takardar karɓar abinci me zai ce? Wani lokaci za ka ji ya tambaya a hankali, "Ɗana, mi za a yi da hoton ga?" Amsar gaskiya ita ce za a sa shi a Facebook, jikokinsa da ke Legas za su gani, surukansa za su gani, kuma ba zai goge ba. Kaɗan ne ke ba da wannan amsa. Ƙa'idar aiki da Red Cross da manyan ƙungiyoyin agaji suka amince da ita a 1994 ta tanadi cewa a nuna waɗanda bala'i ya shafa da mutuncinsu, kuma tun kafin ita Suratul Baƙara ta yi kashedi a kan ɓata sadaka da gori da cutarwa. Mutumin da jiya shi ke fitar da zakkar buhu goma, yau a nuna shi yana miƙa hannu, ya san abin da aka ɗauke masa.

A nan wani zai ce, to ai hoton shi ne shaida. Yana da gaskiya. Wanda ya tuna Oktoban 2020, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Jos da Legas da wasu garuruwa suka tarar da tallafin korona jibge, ya san abin da ke faruwa da kayan da ba a ga fitarsu ba. Hukumar NEMA, wadda aka kafa a 1999, da takwararta ta jiha suna buƙatar nuna cewa kaya sun isa, masu bayarwa ma haka. Sai dai fuskar tsohuwa ba ta tabbatar da komai game da adadi. In shaida ake so, a ɗauki takardar da ta nuna buhu nawa suka bar Birnin Kebbi, a ɗauki motar tana saukewa, a ɗauki jerin sunaye da wanda ya rubuta shi, a bi buhu guda har tukunya. Wannan ya fi wahala, kuma ya fi sa manya su haɗa rai, shi ya sa aka fi son tsohuwar.

Yanzu kuma ba baƙo kaɗai ke da kyamara ba. Hotunan farko na kowace ambaliya samarin garin ne ke ɗauka da waya, kafin wani ɗan jarida ya ji labari, kuma Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda mazauninta ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, cike take da matasan da suka iya tace bidiyo. Wannan alheri ne, amma ya zo da nasa ciwon: masu bin marasa lafiya da gajiyayyu da waya, su sa su kuka, su liƙa lambar asusu a ƙasa. Wasunsu sun ceci rayuka, ba na musu. Wasu kuma ba wanda ya san nawa ya shigo da nawa ya fita. Zama ɗan gari ba ya wanke mutum daga tambayar dattijon nan. Abin da ɗan gari ya fi baƙo da shi guda ne: gobe za a gan shi a masallaci.

Lokacin da fim ɗin ya fi buƙatar mai shi yana nan shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Ruwa ya janye, ya bar laka da sauro da rijiyoyin da suka gurɓata. Manomin Kalgo yana son ya rama asararsa da noman rani, wanda a Kebbi shi ne ƙashin bayan shinkafa, amma yana buƙatar iri da taki da man injin ban ruwa, ga bashin damina bai biya ba. A nan ake sayar da saniya a rabin kuɗinta, a jinginar da gona, a ɗage auren yarinya, samari su bi mota zuwa kudu cin rani. A Gwandu kuma lokacin ne ake buga tubali a tayar da ɗakin da ya faɗi, a ga ko kwanon da aka raba ya hau rufi ko ya tafi kasuwa don a sayi hatsi. In ya tafi kasuwa ba laifin mai shi ba ne, alama ce cewa ba a tambaye shi abin da yake buƙata ba. Kuma a nan ne za a ga agajin da ba ya zuwa da tambari: ɗan'uwa da ya ba da ɗaki, maƙwabci da ya ara iri, gayya da aka yi aka tayar da katanga, Basarken da ya kwana yana kwashe mutane da jirginsa bai karɓi ko sisi ba. Mafi yawan ceton da ake yi a kwanakin farko waɗannan ne ke yin sa, kuma da wuya su shiga fim.

Akwai abu na ƙarshe da za a koya daga wani da ya yi aiki a kan kogin nan namu na Kwara, can sama da iyaka. Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki fim a farkon shekarun 1950 a kan Sarkawan yankin Ayoru a Nijar masu farautar dorina, tare da abokin aikinsa Damure Zika. Da ya gama, sai ya koma ya haska musu a kan farin ƙyalle. Suka kalla, suka ce kiɗan da ya ɗora a kan wurin farauta kuskure ne, domin a wurinsu dorina tana ji, kiɗa kuma ƙarfin zuciya zai ƙara mata. Rouch ya karɓi gyaran, ya kuma mayar da komawa wurin mutane da fim al'adarsa. Iyayenmu sun san majigi, motar da ke zuwa ƙofar fada da dare a kafa allo. Yau abin da ake buƙata bai wuce ƙaramin injin haskawa da janareto da bangon makarantar firamare ba. A haska fim ɗin agajin a Kalgo ko Gwandu kafin a kai shi Abuja. Za a sami wanda zai miƙe ya ce gonar da aka nuna ba ta mai maganar ba ce, wata ta aiko a cire fuskarta, wani kuma ya tambayi dalilin da ya sa buhunan da ya ƙirga a allo suka fi waɗanda suka iso unguwarsu.